Gawar da Aka Kwantar a Kogon Ankas

Ranar Laraba da sassafe matan da suka zo sharar coci suka tarar da Bartolo kwance a bakin ƙofa, an fasa masa goshi, jinin ya daskare da sanyi. Shi ne tsohon da ke riƙe da makullin coci yana kaɗa mana ƙararrawa. A ciki kuma, gefen hagu, an tone kabarin da muka rufe kwana biyar da suka wuce, ƙasa a warwatse, babu gawa. Gawar mahaifina ce.

Sunana Anselmo, ni ne mai sanda a San Blas a wannan shekara. Aikin mai sanda shi ne ya kora mutane coci ranar Lahadi, ya riƙe wanda za a yi wa bulala, ya sha zagi daga sama ya sha daga ƙasa. Shekara hamsin ke nan da Sifaniyawa suka sauko da iyayenmu daga Ankas, can bisa dutse, suka rushe gidajen, suka jera mu layi-layi a kwari inda Fada, limamin coci, zai iya hango kowa daga tagarsa. Suka kuma ce daga ranar a riƙa binne matattu a ƙarƙashin daɓen coci. Mu kuwa mun san mamaci ba ya son nauyin ƙasa a kansa, saboda haka wasu kan saci nasu su kai kogo. Fada ya sha jin ƙishin-ƙishin, amma bai taɓa kama kowa ba.

Kafin rana ta haska dandali gari ya hallara, ba mai kallon idon wani. Fada Cristobal ya fito a fusace, Don Hernando dagacinmu yana gefensa. Don Hernando jininmu ne, ɗan ƙanwar mahaifina ne ma, amma tun yana shekara bakwai aka kai shi makarantar 'ya'yan sarauta a birnin Lima. Ya dawo da hula mai gashin tsuntsu, da takalmi sau-ciki, da harshenmu a bakinsa kamar na aro.

Fada ya ce da gurɓatacciyar maganarsa, "Wane ne ya rantse a wurin jana'iza ba zai bar ubansa a ƙasa ba?"

Don Hernando ya sunkuyar da kai kamar abin na cin ransa, ya ce, "Giya ce ta yi magana, Fada. Isidro bai san abin da yake faɗa ba."

Haka ya miƙa musu sunan ƙanena, da sunan yana kare shi. Fada ya ce wakilin gwamna zai zo ranar Asabar da igiya, in ba a kawo wani mai laifin ba, Isidro za a rataye. Ni na sa shi a turu da hannuna.

* * *

Melchor ba ɗan gari ba ne. Ya zo daga wajen tafki shekara ashirin da suka wuce, sana'arsa bin sawu. Yakan gano lama, dabbar kiwonmu mai kama da ƙaramin raƙumi, in ta ɓata daga garke, da ɓarawon dankali, da kuma mazan da suka gudu daga aikin tilas na ramin haƙar zaiba. Wannan na ƙarshen ya sa ba a cin abinci da shi kwano ɗaya. Ya taɓa dawo da mijin ƙanwata a ɗaure, mutumin kuwa ya shiga ramin bai sake fitowa ba. Na tsane shi, na kuma tafi gidansa a guje.

Yana zaune a rana yana tauna ganyen koka, wanda muke kashe yunwa da gajiya da shi. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Yau mai sanda ne a ƙofar kare? Wa ya mutu?"

"Ka sani. Tashi, don Allah, ba ni da kowa."

"Ai na ga alama, tunda ka zo nan."

A coci ya tsaya yana tsaki. "Sun tattake min ƙasa kamar an yi rawar biki." Ya tsuguna a bakin kabarin ya daɗe, ya shafa gefen ramin da yatsa. "Da shebur aka tona, ba da dagi ba. Ga shebur ɗin can, na coci ne, har da jinin tsoho a bakinsa. Anselmo, in kai ne ka zo sace ubanka, za ka bar rami a buɗe?"

Na waiga wajen ƙofa.

"Ba Fada ke tambaya ba, ni ne."

"Zan mayar da ƙasa, in daɓe, in share."

"Kamar yadda kuka yi wa na innarku, kai da Isidro."

Na saki baki. Shekara takwas ke nan da muka ɗauke Inna muka kai ta kogo, kuma har ranar ina zaton ba wanda ya sani sai mu biyu da Bartolo.

"Rufe bakinka, ƙuda zai shiga," in ji shi. "Wanda ya tona wannan so yake a gani. Mu je mu ji ta bakin ƙanenka."

* * *

Isidro makiyayi ne, rabin shekara yana can sama da lamominsa kusa da idon ruwan Ankas, jana'izar Baba ce ta sauko da shi. Mun same shi ƙafafunsa a turu, matarsa Ursula na ɗura masa romo.

Melchor ya ce, "Kai ka ɗauke shi?"

"Da ni ne, da yanzu yana inda ya kamata, kai kuma kana nan kana shinshina ƙasa a banza."

"To ina kake jiya?"

"A ɗaki, ina jiran wata ya mutu. Niyyata daren Juma'a." Ya juyo gare ni. "Na so in gaya maka, Yaya, sai na ga sandar nan ta yi maka nauyi a hannu."

Ursula ta dangwarar da kwano. "Ka ji shi? An ce za a rataye shi, shi kuma yana ba su igiya. Ka yi shiru mana, uban 'ya'yana, 'ya'ya huɗu za ka bar min!"

Melchor ya kama ƙafar Isidro ya juya ta ya duba tafin, mai kauri kamar fatar ganga, ya sake ta. Da muka fita na tambaye shi abin da ya gani, ya ce ya ga ƙafar makiyayi, ya yi gaba abinsa.

* * *

Casilda matar Bartolo ta riga ta wanke mijinta ta naɗe shi a bargo. Ba ta kuka. Da ta ga Melchor ta tofar da yawu gefe, amma ta bar shi ya shiga.

"Inna, wa ke da jiƙaƙƙa da tsohonki?"

"Wa zai yi faɗa da mutumin da haƙori biyu suka rage masa? Ka ji ni da kyau, ɗan tafki. In ɗanmu ne ya zo ɗaukar nasa, ba ya buƙatar dukan Bartolo. Sau nawa ya juya fuska bango yana minsharin ƙarya? Wani sa'in ma shi ke riƙe musu aci-bal-bal."

Na ce, "Gwaggo, a hankali."

"Kai ka yi a hankali, mai sanda. Ni me ya rage min?" Ta ɗauko wata hular ulu ta jefa a cinyar Melchor. "Da ƙyar na ɓamɓare ta daga hannunsa. A wannan sanyin, tsoho mai sanƙo ya tuɓe hula. Ka taɓa ganin ya tuɓe wa Isidro hula?"

Melchor ya juya hular a hannunsa. Mutum uku kaɗai ake tuɓe wa hula a San Blas: Fada, da dagaci, da Lucas wakilin gandun Bature da ke ƙasan kwari, wanda kan zabga wa mutum bulala in ya manta. A bayan coci kuma Melchor ya riga ya ga sawun alfadari mai tsagaggen ƙarfe a kofaton baya. Alfadarai duk na gandu ne. Zuciyata ta yi fari, na ce a raina Lucas ne, an gama.

* * *

Mun sami Lucas ranar Alhamis da hantsi a rumfar gandu, ƙafarsa ɗaya a miƙe bisa kujera, ta kumbura ta yi baƙi har gwiwa. Uwarsa tamu ce, ubansa Bature, ya kuma ɗauki mugun halin kowane ɓangare.

"Sa ya take ni ranar Lahadi," in ji shi. "Ku duba da kyau, masu bincike. Da wannan zan hau dutse? Fitsari ma sai an ɗauke ni."

Melchor ya danna ƙafar da yatsa, Lucas ya kurma ihu ya zagi uwarsa. Ba ƙarya ba ce.

"Alfadarin nan mai tsagaggen ƙarfe fa?"

"Duk uku suna garinku tun Litinin, a ɗaure bayan gidan dagaci, suna jiran a loda musu masara. Kowane ɓarawo a cikinku zai iya kwance ɗaya, ai ku duka ɓarayi ne." Ya yi dariya, ya dube ni. "Ka yi min jaje wajen ƙanenka. Da ma zamansa a can sama ya ƙare. Maigidana ya ce kafin girbi ruwan Ankas zai gangaro gandu."

"Wa ya ba shi? Ƙasar zuriyarmu ce, da takarda."

"Ni na sani? Ni dai an ce in tanadi masu haƙa."

A hanya na ce wa Melchor mu koma mu matse shi. Ya ce in bar shi, mutumin da ya yi kisa ba ya sakin baki haka.

* * *

Juma'a tun da asuba muka ɗauki sawun daga bayan coci. Alfadari ne da kaya, da mutum ɗaya a gaba yana jansa, sanye da takalmin faɗe na fatar lama irin namu. Wannan ya kashe min jiki, don Isidro ma irinsa yake sawa. Melchor yana tafe a sunkuye, sai can ya nuna da haɓa.

"Ga inda ya tsaya ya gyara igiyar takalmi. Ga wani. Tun ba mu kai rabi ba ya tsaya sau biyar. A nan ya fara ɗingishi, a nan kuma ya gaji ya hau alfadarin tare da gawa."

Rana ta take tsaka muka kai kangon Ankas. Sawun bai nufi kogon matattunmu ba, inda nake tsoro. Ya karkata wajen idon ruwa, zuwa wani ɗan kogo marar zurfi inda makiyaya ke fakewa daga ƙanƙara, jifa ɗaya daga shingen Isidro. Wari ya tarbe mu.

Baba yana ciki. An miƙar da shi rigingine, ƙafafu a haɗe, hannuwa a gicciye bisa ƙirji. An sa masa dutse a ƙarƙashin kai kamar matashi, an rufe fuskarsa da ƙyalle a tsanake. Gefensa ga ƙwaryar giyar masara da tulin ganyen koka, an ajiye su inda duk mai shigowa zai fara gani.

Ban san sa'ad da na durƙusa ba. "Baba, wa ya yi maka haka?"

Matattunmu ba sa kwanciya. Zaunar da su ake yi, gwiwa a ƙirji, hannu a kumatu, fuska na kallon bakin kogo da gonaki, don su ga wanda ya zo, a ba su abinci su karɓa. Marar lafiya ne ke kwanciya. Yaron da ya taɓa bin uwarsa kogo sau ɗaya ya san wannan. Na miƙa hannu zan tashe shi zaune, Melchor ya riƙe ni.

"Kada ka taɓa shi. Yadda yake kwancen nan shi ne ran ƙanenka." Ya tsuguna. "Da ɗan gandu ne, da ya wurgar da shi kamar buhu ya juya. Da Isidro ne, da ya zaunar da shi ko da wuƙa a wuyansa. Wannan ya kawo shi ne don a kama wani, amma da ya zo ajiyewa sai ya kasa wulaƙanta shi. Ya girmama shi, sai dai girmamawar coci kaɗai ya iya. Wa ke da jinin tsohon nan a jikinsa, bai kuma taɓa ganin kogon gaske ba?"

Na san ko wane ne. Tun da Don Hernando ya dawo daga Lima dattawa suka hana a nuna masa hanya. Baba ne ya goya shi zuwa bakin rafi ranar da za a tafi da shi. Na kuma gane sauran. In aka sami gawar sata kusa da idon ruwa, Fada zai hana kowa hawa Ankas, ƙasar ta zama ba mai ita, dagaci ya sa hannu Bature ya ɗauka.

Na miƙe da zafi na ce mu sauka yanzu. Melchor bai motsa ba.

"Zauna tukuna. Gobe zan ce ɗanku ba ya kwantar da gawa. Fada zai ce, to yaya kuke yi? Ya ce a nuna masa. Ka gane?"

Na gane.

"Na san inda kogonku yake," in ji shi. "Shekara ashirin ina ganin sawunku a kan hanyar, ban faɗa ba, ba kuma zan faɗa ba. Nawa matattun suna can bakin tafki. Ni aikina in gano mutum. Abin da za a ba da a fanshi ƙanenka, naka ne."

* * *

Asabar da la'asar aka taru a dandali. Wakilin gwamna yana zaune a inuwar coci yana hamma, an riga an jefa igiya bisa itace. An ɗauko Lucas a kan kujerarsa, Casilda na tsaye da bargonta baƙi, Isidro a ɗaure. Don Hernando yana gefen Fada da hularsa mai gashin tsuntsu. Mutanen wakilin gwamna sun hau tun da asuba sun ga gawar yadda take, sun dawo sun shaida.

Melchor ya tuɓe hula ya yi bayani a taƙaice. Ya faɗi ramin da aka bari a buɗe, da hular Bartolo, da alfadarin da aka kwance bayan gidan dagaci. Ya ce ƙafar Lucas ta fitar da shi. Sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, mutumin da ya kai gawar nan ya kwantar da ita kamar yadda kuke yi a coci. Ba ɗan Ankas ɗin da zai saci ubansa ya hau da shi dutse don ya kwantar da shi. Wanda ya yi ya ari faɗe don a ce ɗan gari ne, faɗen kuma ya ci masa ƙafa. A sa dagaci ya tuɓe takalmi."

Dandali ya ɗauki guna-guni. Don Hernando ya yi murmushi ya ce wani abu da harshen Turawa, wakilin gwamna ya yi dariya. Wakilin ya ce ba a tuɓe wa mai sarauta takalmi a gaban talakawansa kan maganar baƙon da ba a san asalinsa ba.

Fada bai yi dariya ba. Ya matso yana duban Melchor.

"Ka ce ba sa kwantar da su. To yaya suke yi? Shekara goma sha ɗaya ina tambaya, kowa ya sumbaci gicciye ya ce babu kogo. In babu kogo, babu al'ada, maganarka iska ce, a rataye wannan. In akwai, wani ya kai ni in gani da idona, ni kuma zan sa a tuɓe takalmin."

Melchor ya mayar da hularsa ya ja da baya. Ba wanda ya dube ni, amma na ji duk gari a bayan wuyana.

Isidro ya fara fizge-fizge. "Yaya, kada ka kuskura! Na rantse maka in ka buɗe baki ba ni ba kai! Ku rataye ni, ni na kashe shi, ni na tona!"

Ursula ta faɗi ƙasa ta kama ƙafata tana kuka. Casilda kuma ta ce a hankali, "Anselmo, 'ya'yana biyu suna can."

Nawa ma suna can. Inna tana can, da kakanmu da ya fara haƙa hanyar ruwa, da waɗanda ba mu san sunansu ba amma mun san fuskokinsu. Na dubi ƙanena, jijiyar wuyansa na harbawa. Ni na koya masa tafiya. Na ajiye sandata a ƙasa, na tafi wajen Fada na kama gicciyen da ke ƙirjinsa.

"Akwai. Gobe zan kai ka."

Wata ƙara ta fito daga bakin mata wadda ban taɓa jin irinta ba. Fada ya juya wajen Don Hernando ya nuna takalminsa. Ya ƙi, sai da mutum biyu suka danne shi suka zare. Ƙafafunsa farare ne, taushi kamar na jariri, a naɗe da tsumma. Da aka warware, igiyar faɗe ta yanka su a dunduniya da bisa yatsu, ƙurajen sun fashe suna ruwa.

Casilda ta tako har gabansa. "Me ya yi maka?"

Ya daɗe yana kallon ƙafafunsa. Da ya yi magana, da harshenmu ya yi, a karkace kamar kullum.

"Ya tarar da ni ina tona. Ya tuɓe hula yana murna, ya ce, 'Ranka ya daɗe, kai ma?' Ya ce zai taya ni. Ya ce da gari ya waye zai gaya wa dattawa na dawo gida."

* * *

Gawa arba'in da uku muka sauko da su ranar Litinin. Fada ya ce kowa ya ɗauko nasa. Na goya Inna a baya cikin mayafin da muka naɗe ta da shi, ba ta kai nauyin tulun ruwa ba. Aka jibge su a dandali da busasshiyar ciyawa da kashin lama, aka sa mu tsaya mu kalla har wutar ta cinye. Aka kwashe tokar aka zuba a rafi don kada wani ya ɗebi ko tafi ɗaya. Baba kuma aka mayar da shi ƙarƙashin daɓe, aka aza masa dutse.

An tafi da Don Hernando Lima a kan alfadari. Ba a rataye shi ba, na ji an ce ya ƙare yana rubuta wa wani alƙali wasiƙu. Fada ya hana hawa Ankas, kafin girbi kuwa ruwan ya gangaro gandu kamar yadda Lucas ya faɗa. Melchor ya ci gaba da bin sawu, aka ci gaba da ƙin cin abinci da shi, sai dai yanzu mu biyu ake ƙi.

Isidro ya sha bulala hamsin saboda Inna, aka aske masa kai a gaban jama'a, aka sake shi. Na je ɗaukarsa daga gindin itacen, bayansa duk jini. Ya ture hannuna.

"Wa ya roƙe ka?" ya ce. "Da ka bar ni, da yanzu ina zaune kusa da ita. Yanzu in na mutu, ina za a kai ni?"

Maganar ƙarshe ke nan da ya yi min. Shekara talatin da ɗaya yau, gidansa na ƙarshen layinmu. Ya aurar da 'ya'yansa huɗu, ban sha giyar ko ɗaya ba. Da yamma nakan zauna a ƙofa in ga ya wuce da jikokinsa, ya yi furfura, yana ɗingisa ƙafar da turu ya ci, yana yi musu faɗa. Ina kallonsa har ya sha kwana, raina na ƙuna, ina kuma jin daɗin ganinsa a tsaye. Da za a mayar da ni dandalin nan, abin da na yi zan sake yi. Na daɗe da shirya wannan amsa, amma har yau ba wanda ya zo ya tambaye ni.